Rumfar maganin gona ta ranar kasuwa: abin da mai kare zai saya da abin da zai bari a kan tebur

Duk kasuwar mako da ta amsa sunanta a karkarar Kano da Jigawa, daga Wudil ranar Juma'a zuwa Dambatta ranar Lahadi da Maigatari ranar Alhamis, ba ta rasa layin masu maganin gona. Rumfar kwano ko ta zana, dogon tebur an jera kwalabe da galan-galan, injin feshi na goyo a rataye, buhunan taki a jingine. A teburi ɗaya za ka samu maganin ciyawa, da na ƙwarin wake, da na ɓera, da na kaskar shanu, wani lokaci har da allurar dabbobi. Waɗannan rumfuna muka duba, amma ba ta fuskar yabanya ba. Mun auna su ne da ma'aunin gidan da ke da kare, na farauta ne, na gadin garke ne, ko wanda ke kwana a ƙofar gida ya bi maigida gona da sassafe.

Abin yabonsu ba ɓoyayye ba ne. Kaya na isowa kafin ruwan shuka, ba sai an hau mota zuwa birni ba. Wanda aka sani ana ɗaga masa ƙafa har kaka. Yawancin masu rumfar kuma sun san awon da ya dace da masara da shinkafa da wake, domin su ma manoma ne. Inda suka gaza wuri biyu ne, kuma duka biyun kan kare suke ƙarewa: sayar da magani a tsiyaye, da bayar da shawara kan dabba.

Maganin tsiyaye

Wanda ba shi da kuɗin lita guda ana tsiyaya masa rabi ko kwata a robar lemo ko ta ruwan sha. Babu suna a jiki, babu awo, babu ranar lalacewa. Robar ta kwana biyu a zaure, kowa ya manta mene ne a ciki. Kare yana son tauna irin wannan roba, musamman kwikwiyon da haƙoransa ke fitowa, kuma haƙori ɗaya ya isa ya huda ta. Idan abin ya faru aka kai shi wurin likitan dabbobi, tambayar farko ita ce me ya sha, kuma amsar "maganin feshi" ba ta da amfani, domin allurar da ke ceton karen da ya sha maganin ƙwari ba ta yi wa wanda ya sha maganin ciyawa komai.

Kwalbar asali tana ɗauke da abu huɗu da ya kamata a duba kafin a miƙa kuɗi: sunan sinadarin da ke ciki, wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban sunan kamfani, da lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da zanen launi a gindin takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Launin nan an yi shi ne don wanda ba ya karatun boko ma ya gane. Idan lita ta yi maka yawa, ku haɗa kuɗi da maƙwabci, kwalbar ta zauna a hannun mutum ɗaya, ranar feshi kowa ya auna nasa kai tsaye cikin inji. Rumfar da ba ta sayarwa sai a tsiyaye, ko wadda kwalabenta suka koɗe a rana har rubutu ya goge, a wuce ta.

Shawarar kuwa ga yadda take fita. Mutum ya tsaya ya ce, "Alhaji, kaska ta cinye min kunnen kare, me zan sa masa?" Sai a miƙo ƙaramar kwalba a ce, "Malam, murfi ɗaya a bokiti ka yi masa wanka, ko kunama ce ba ta kwana." Gaskiya ne kaskar ba za ta kwana ba. Abin da ba a faɗa ba shi ne kwalbar dichlorvos ce, sinadarin da ke cikin Sniper da takwarorinsa, kuma shi ake yawan sirkawa a yi fiya-fiya.

Dichlorvos da danginsa: kada su taɓa jikin kare

Mai ƙarfin da ake sayarwa don gona giram 1000 ne a lita, wato kusan zallar guba. Yana ratsa fata, yana shiga ta numfashi, kuma kare zai lashe jikinsa bayan wanka, hanya uku ke nan a lokaci guda. Aikinsa a jiki shi ne ya hana saƙon jijiya tsayawa, sai duk wata tsoka da duk wata mafitar ruwa a jiki su kama aiki ba ƙaƙƙautawa. Cikin mintuna zuwa 'yan awanni za a ga yawu na dalala, hawaye, fitsari, zawo, amai, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗigo, naman jiki na rawa, sannan numfashi ya fara ƙara saboda ruwa ya cika hanyar iska. Abin da ke kashewa ke nan, shaƙewa. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a buɗaɗɗiyar kasuwa da manyan kantuna, ta kuma hana yin ƙaramar kwalba mai mil 100, amma wanda ya zaga layin masu magani ya san dokar ba ta gama isowa ƙauye ba.

Chlorpyrifos, da diazinon, da dimethoate duk gida ɗaya suke da shi. Carbofuran, ƙwayoyin nan masu launin shunayya da ake barbaɗawa a gindin shuka, hanyarsa ɗaya da su kuma ya fi su sauri. Sa'ar da ke cikin wannan rukunin ita ce yana da makari: allurar atropine, wadda likita ke maimaitawa har yawu ya tsaya ƙirji ya washe. Tana da araha, amma ba allurar da za a yi da ka ba ce, domin idan ta yi yawa ita ma guba ce.

Akwai wani abu da ke jawo wa irin wannan kare mutuwa tun kafin gubar ta gama aikinta. Mutane su ga yawu da jijjiga, sai a ce ya haukace, a hau shi da sanda. Guba tana zuwa farat ɗaya ga karen da ya wayi gari lafiya, tare da amai da zawo da warin magani a jiki. Haukar kare takan fara da sauyin hali na kwana ɗaya ko biyu, da sauyin murya, da cizon abin da bai saba cizo ba. Duk da haka kada kowa ya sa hannu tsirara a bakin kare mai dalalar yawu. A sa safar roba ko a ninka leda biyu. Karen da ake yi wa allurar rigakafin hauka tun yana wata uku, ana sabuntawa duk shekara, shi ne wanda za a iya riƙewa a taimaka masa ba tare da fargaba mai yawa ba.

Abin da ya dace da kaska

A teburin nan dai, sau da yawa, akwai amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, wanda makiyaya ke saya don shanu. Wannan ana iya yi wa kare amfani da shi, da sharaɗin awo. Mil 2 a lita ɗaya ta ruwa, a auna da sirinji, ba da murfi ba, domin murfin wata kwalbar ya ninka na wata. Bokitin lita biyar mil 10 ke nan. A jiƙa tsumma a shafe jiki duka, a kauce wa ido da baki, a bi cikin kunne ta waje da tsakanin yatsu inda kaska ke ɓuya, kada a ɗauraye, a ɗaure shi a inuwa har ya bushe yadda ba zai samu damar lasa ba. Abin da ya rage a bokiti ba a ajiye shi don gobe, kuma kwalbar da aka daɗe da buɗewa ta sha zafi a bar ta, domin amitraz idan ya lalace gubarsa ƙaruwa take yi. Ba a yi wa kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, ko kare mara lafiya. Ɗan kasala na yini guda bayan wanka ana ganinsa. Idan ya kai ga tangaɗi, jiki ya yi sanyi, ciki ya kumbura, a wanke shi da sabulu a nemi likita. Doki da jaki kuwa ko kusa, amitraz yana tsayar musu da hanji har ya kashe.

Cypermethrin da lambda-cyhalothrin na feshin wake ba don fatar dabba aka haɗa su ba. Man da aka narkar da su a ciki yana ƙona fata, kare ya dinga birgima yana susa yana yawu, idan ya yi yawa ya kama karkarwa. Mage ta fi kare rauni a kansu nesa ba kusa ba. Wanda ke da hanyar birni, feshin fipronil da aka yi musamman don karnuka ya fi duka kwanciyar hankali, sai dai ba kasafai yake zuwa rumfar ƙauye ba.

Ivermectin na allura mai kashi 1 cikin ɗari yana maganin ƙazuwa, amma a nan ma awo ke ɓata lamari. Karen kilo 15 abin da yake buƙata bai wuce mil 0.3 zuwa 0.6 ba, a maimaita bayan mako biyu. Wanda ya saba da bijimi da rago sai ya zuƙi mil biyu ko uku, kare ya wayi gari yana karo da bango. Gara ma'aikacin dabbobi ya yi ta. Baƙin mai da kananzir da ake shafa wa mai ƙazuwa kuwa ba magani ba ne, ƙuna ce a kan ciwo, ga abin da zai lasa ya shiga ciki.

Magungunan ciyawa

A nan ne cinikin rumfar ya fi ƙarfi, tun daga watan Mayu, kuma a yankunan noman rani irin su Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja kusan shekara ake yi ana feshi. Mutane sukan ɗauka haɗarin yana cikin ciyawar da aka fesa. Akwai shi, amma ƙarami ne idan aka gwada da wuraren da ba a kallo: kwalbar da aka ajiye a kan kunya a buɗe, da bokitin haɗi, da ɗan tafkin da ke taruwa inda aka wanke inji. Yawancin magungunan da ke da haruffan EC a jiki, wato waɗanda aka narkar a mai, idan suka haɗu da ruwa fari suke yi kamar nono, karen da ya sha rana tun hantsi kuwa ba ya tsayawa tambaya.

Glyphosate, wanda ake sayarwa da sunaye da yawa, shi ne mai dama-dama. Idan ya bushe a kan ganye haɗarinsa ga kare kaɗan ne. Wanda ya ci ciyawar tana jiƙe ko ya lashe ƙafarsa zai yi yawu da amai da zawo, yawanci saboda sinadarin da ake haɗawa don maganin ya kama ganye, kuma yakan warware cikin yini ɗaya ko biyu. Zallarsa daga kwalba wani zance ne daban. Ga mai kare da ke son share gona kafin shuka, wannan muka fi yarda da shi.

Paraquat shi ne wanda muke cewa a bar shi a kan tebur. Manoma na son sa domin da yamma an ga aikinsa, ciyawa ta ƙone. Lissafinsa ga kare ga shi: miligiram 25 zuwa 50 a kowane kilo na nauyin jiki yana kashe rabin karnukan da suka sha. Lita ɗaya tana ɗauke da giram 200. Karen kilo 15 ke nan mil 2 zuwa 4 sun ishe shi, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ko wanda aka sirka bai tsira ba: idan an zuba mil 150 a injin lita 16, kofi ɗaya na wannan ruwan ya kai ƙasan wancan awon. Kuma yana da yaudara. Ranar farko amai da gyambo a baki da harshe. Rana ta biyu ko ta uku sai kare ya ɗan farfaɗo, maigida ya ce an auna arziki. A lokacin ƙoda ta fara gazawa, gubar kuma tana taruwa a huhu. Bayan 'yan kwanaki sai haki ya fara, dasashi ya yi shuɗi-shuɗi, huhu ya ƙandare. Ba shi da makari a ko'ina a duniya, iskar oksijin ma da ake taimakon mai haki da ita ƙara masa ƙarfi take yi. Dama ɗaya ita ce a ba da gawayin asibiti, wanda aka sarrafa don ya kama guba, cikin awa ɗaya ko biyu na farko. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, NAFDAC ma ta haramta shi daga farkon 2024, amma har yanzu ana cin karo da shi, wani lokaci a tsiyaye. Ruwa ne kore mai duhu ko shuɗi, mai wari mai tayar da zuciya, da gangan aka sa masa launin da warin.

Sai 2,4-D na masu shinkafa da alkama da dawa. Ƙodar kare ba ta iya fitar da shi da sauri kamar ta sauran dabbobi, don haka abin da akuya za ta shanye shi yana taruwa masa. Alamarsa amai, ƙin abinci, da sanƙarewar ƙafafun baya, kare ya dinga tafiya a ƙage. Propanil da ake yawan haɗa shi da shi yana ɓata jini, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Fadamar shinkafa tana da nata matsalar: maganin yana zama a ruwan da ke kwance, kare kuma a nan yake sha yana kwanciya don ya huce. Atrazine da butachlor ba su cika kashewa nan take ba, amma atrazine yana daɗewa a ruwa, kada a wanke inji kusa da rijiya.

Tsarin ranar feshi ba shi da wuya. A ɗaure kare a gida tun kafin a fito da kwalba, a ba shi ruwa ya ƙoshi. Kada ya shiga gonar sai ganye ya bushe ƙarau, mafi aminci a ba shi yini biyu, a fadama mai ruwa kwance kuma fiye da haka, a riƙa tafiya masa da ruwan sha daga gida. Raɓar washegari tana sake jiƙa maganin, don haka safiyar farko ba lokacin sakinsa ba ne. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, kowane ɗauraye a juye cikin inji a fesa a gona, sannan a huda gindinta da wuƙa. Hudawar ce ke hana wani ya mayar da ita gorar ruwa ko a yanke galan a yi wa kare kwanon sha. Ruwan wankin inji a tona rami a zuba a rufe da ƙasa. Kayan da aka yi feshi da su kada a yar a tsakar gida, kare yana son kwanciya a kan tufafin maigidansa.

Taki bai kai waɗannan ba. Kare ya lashi NPK ko yuriya zai yi amai da zawo da ƙishirwa, sai ya ci da yawa abin ke tsanani. Akuya da tunkiya ne yuriya ke kayarwa nan take. Irin shuka da aka cuɗa da hodar magani mai launi shi ma a ɗaga shi sama, kada a bar ragowarsa a ƙwarya.

Maganin ɓera da na rumbu

Da kaka ciniki ke juyawa nan, kuma a nan rumfar ta fi ba mu takaici, domin kusan duk abin da ake sayarwa a ƙulle yake a leda ba suna. Iri uku ne, kuma bambanta su shi ne bambancin rai da mutuwa.

Baƙar hoda mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi zinc phosphide ce. Ana cuɗa ta da kifi ko ƙuli-ƙuli ko tuwo, duk abincin da kare ke so. Idan ta haɗu da tsamin ciki sai ta saki iskar phosphine. Daga minti 15 zuwa awa huɗu za a ga amai, wani lokaci da jini, ciki ya kumbura, kare ya dinga gudu yana kuka, sai jijjiga. Abinci yana ƙara tsamin ciki, saboda haka ba shi tuwo ko nono ƙara wa wuta mai ne. Amansa ma yana fitar da iskar da ke cutar da mutum, a fitar da shi fili, yara su matsa, a kwarara ruwa a wurin daga nesa. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake da masara, aluminium phosphide, ita ma iskar nan take fitarwa, kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1. Ɗakin da aka sa ta ba mai kwana a ciki ko a jikinsa, mutum ko dabba, kuma tokar da ta rage a binne ta. Gidan da ke da kare da yara gara ya sayi buhun PICS mai leda biyu a ciki. Idan an ɗaure kowace leda daban da kyau, rashin iska ke kashe ƙwarin, ba a sa ko ɗigon magani. Rumfar da ke ajiye wannan buhun ta cancanci a koma mata.

Iri na biyu dunƙule ne mai kakin zuma ko hatsi mai launin shuɗi, ja ko kore, mai ɗauke da brodifacoum ko bromadiolone. Wannan jini yake hana daskarewa. Kare ya ci yau, gobe lafiya, jibi lafiya, sai rana ta uku zuwa ta biyar a ga kasala, dasashi ya yi fari fat, tari, haki, ɗingishi, haɓo, ko baƙin kashi. Sau da yawa jinin a ciki yake zuba, ba a ganin komai a waje. Makarinsa bitamin K1 ne, miligiram 2.5 zuwa 5 a kowane kilo kullum, ana ba shi da abinci mai maiƙo, har mako huɗu. Wanda ya tsaya a mako ɗaya don ya ga sauƙi, jinin zai dawo. A kula da kyau: bitamin K3 da ake sayarwa don kaji, wanda shi ne mai rumfa zai miƙo, ba ya wannan aikin sam. Duk da haka, cikin gubar ɓera wannan ce mai gyaruwa, domin tana ba da kwanaki kuma tana da makari. Wanda ya ga karensa ya ci, kada ya jira alama.

Na uku shi ne kafson ciwon gaɓɓai na mutane, indomethacin, da ake farkewa a barbaɗa wa ɓera a abinci. Yana huda cikin kare da hanjinsa, kafso kaɗan sun isa.

Idan dole sai an sa guba, a sayi dunƙule mai suna a kwalinsa. A yanko bututun roba na famfo mai faɗin inci biyu, tsawon kamu biyu, a huda tsakiya a soke dunƙulen da waya yadda ba zai gangaro ba, a kwantar a jikin bango a danne da bulo ta sama da gefe. Ɓera zai shiga, bakin kare ba zai kai ba. Kowace safiya a zaga a tsince matattu kafin a saki kare, a jefa a masai ko a binne da zurfi, domin gubar tana nan a cikin mushen. Tarkon ƙarfe a bayan buhu, inda ƙafar kare ba ta zuwa, ya fi duk wannan sauƙin kai.

Na cikin gida

Waɗannan ba a rumfar maganin gona kaɗai ake samunsu ba, amma tare ake sayo su ranar kasuwa. Sodar yin sabulu ita ce gaba: ruwanta a roba a tsakar gida yana ƙona harshe da maƙogwaro, kuma ƙunar ba ta gama bayyana sai bayan awanni. Bilic da Izal a wanke ɗakin kare da su idan an sirka, amma a ɗauraye a bari ya bushe kafin ya koma. Ƙwallon kafur na cikin akwati yana fasa ƙwayoyin jini. Ruwan sanyaya injin mota mai launi yana da zaƙi, kare na lasarsa da son ransa, kimanin mil 5 a kowane kilo yana kashe ƙoda. Paracetamol da ibuprofen da diclofenac kuwa da hannu ake ba shi, da niyyar taimako. Kada a ba kare maganin ciwon jikin mutum ko rabin ƙwaya.

Idan ya riga ya sha

Manja da nono da ruwan gishiri su aka saba ɗurawa, kuma duka ukun suna ƙara ɓarna. Yawancin magungunan ƙwari a mai suke narkewa, maiƙo yana taimaka musu su ratsa hanji. Gishiri mai yawa shi kansa yana kumbura ƙwaƙwalwa. Ɗura wa karen da ke jijjiga kowane irin ruwa kuma huhu yake tafiya.

Idan a jiki ne, a sa safa a wanke shi da sabulun wanke-wanke da ruwa mai yawa, sau biyu ko uku, sannan a goge shi kada sanyi ya kama shi. Ido a zuba masa ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa. Idan soda ce ko bilic ko ruwan batir ko kananzir ko duk maganin da ke da EC a jiki, ba a sa shi amai, domin abin zai sake ƙona hanya ko ya faɗa huhu, a ɗauraye baki kawai. Amai yana da amfani ne ga abu irin dunƙulen ɓera ko ƙwayoyin magani, cikin awa biyu, kare yana tsaye da hankalinsa. Abin da ake amfani da shi hydrogen peroxide ne mai kashi 3 cikin ɗari, mil 1 zuwa 2 a kowane kilo, kada ya wuce mil 45 komai girman karen. Wanda ke kantin magani wani lokaci mai kashi 6 ne, a duba, idan shi ne a sirka da ruwa daidai da shi.

Gawayin asibiti, wanda aka sarrafa don ya kama guba, giram 1 zuwa 2 ne a kowane kilo, a dama da ruwa a ba shi a hankali ta gefen baki da sirinji. Karen kilo 15 yana buƙatar aƙalla giram 15. Idan ƙwayoyi ne masu miligiram 250, guda 60 ke nan, wanda ya ba da biyu ko uku bai yi komai ba. Gawayin murhu da aka daka bai kama ƙafarsa ba. Kuma gawayi ba ya aiki a kan soda da kananzir. Bayan haka sai a ɗauki kare da kwalbar ko ledar abin da ya ci, ko hoton takardar a waya, a nufi asibitin dabbobi mafi kusa. Lambar ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma a neme ta tun ana lafiya, a kuma san nauyin karen, sikelin masu hatsi ya isa a gane.

A nan ne rumfunan suka fi barin giɓi. Teburin da ke sayar da guba iri goma da wuya ka samu garin gawayin asibiti a kansa, ko bitamin K1, ko safar roba mai kauri, ko sirinjin awo. Waɗannan sai kantin magani na gari ko shagon likitan dabbobi a Kano, Dutse ko Haɗeja, kuma gara a sayo su tare da kayan damina a ajiye. Hukuncinmu a kan rumfar kasuwa: a saye glyphosate da amitraz da buhun PICS da tarko a wurinta, a kwalbar asali mai hatimi. Paraquat, da carbofuran, da fiya-fiya, da baƙar hodar ɓera, da duk abin da aka tsiyaya a robar lemo, a bar mata. Awon gona a tambayi mai rumfa ko malamin gona na hukumar noma ta Kano (KNARDA) ko ta Jigawa (JARDA), awon jikin kare kuwa a tambayi likitan dabbobi.